Tatsa a Siton Tawul

A ƙasan otal ɗin, inda injinan wanki suke, kowa Antin Guga yake ce mata. Ta daɗe a wurin har teburin gugar ya lotsa daidai inda take jingina ƙugunta. Ita ce babba a ɗakinsu, ita ta goyi ƙannenta ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa a gida ba ta da wani suna sai Yaya, har mahaifiyarsu haka take kiranta. Ba ta yi aure da wuri ba. Da ta tashi yi, wani makanike ta aura, mutum marar hayaniya, wanda sabulu ya gaji da baƙin man da ke faratansa. Ciki biyu suka zube mata. Na ukun ya zauna, ana ta lallaɓa shi kamar ƙwai, sai ga shi ya zo tun lokacinsa bai yi ba, tana tsaye tana goge rigar wani baƙo.

Mace ce, bakwaini. Ko a hannu ba a ba ta ita ba, aka wuce da ita kwalba, akwatin gilashin nan da ake renon bakwaini a ciki. Hutun haihuwar da otal ya ba ta a kan bencin asibiti ya ƙare, tana leƙen 'yar ta gilashi. Ranar da ya kamata ta koma aiki, yarinya tana nan a kwalba, da siririyar roba a hanci wadda ake ɗura mata nono ta ciki.

Nas ɗin ɗakin jarirai, wata doguwa mai saurin magana, ta yi mata bayani tana tafiya. Ta ce yarinyar ba ta da ƙarfin tsotso, kuma cikinta ba zai ɗauki madarar gwangwani ba tukuna, don haka sai ta riƙa tatsa a kai a kai ko tana wurin aiki, in ba haka ba ruwan zai ɗauke. Ƙanwarta ta samo mata abin tatsa na hannu, mai mariƙi kamar na feshin maganin sauro, da 'yan kwalaben roba masu murfi.

Madam, shugabar sashen wanki, ba ta ƙi ba, ba ta kuma yi murna ba. Ta ce banɗaki dai bai dace ba, ta nuna mata siton tawul, ta ce kada aiki ya taru. Siton ba taga, ba kujera. Kantoci ne har sama cike da fararen tawul, ga warin sinadarin wanki. Sakatar ƙofar ta lalace tun ba yau ba. Sai ta kifa bokiti ta zauna, ta jingina bayanta da ƙofar, ta ɗage riga. In wani ya turo daga waje, ta ce da mutum, ya koma.

Nas ta ce mata ta riƙa kallon hoton 'yar a waya, wai yana sa ruwan ya sauko. Ta gwada. Ga 'yar hula, ga wayoyi manne a ƙirji, ga ƙafa kamar ɗan yatsa. Ta kalla ta kalla, ba ta ji komai ba, kamar hoton 'yar maƙwabta aka tura mata. Daga baya ta lura ko ta kalli hoton ko ta kalli bango, ruwan yana zuwa. Sai ta daina ciro wayar. Ta matsa, ta saki, ta matsa, ta saki, idonta a kan wani tabon ruwa da ke jikin silin, ƙarar injin busarwa tana shigowa ta bango. In hannun dama ya gaji ta koma na hagu. In ta gama ta rufe kwalba, ta cusa tsumma a rigar nono saboda ɗiga, ta koma kan guga. Lokacin cin abincin rana ma a nan yake tafiya, sai dai ta gutsiri burodi da hannu ɗaya.

Da farko kuku ya ba ta wani lungu a firjin kicin. Mutum ne mai barkwanci, kullum ta shigo sai ya ce ga mai kamfanin madara ta iso, a ba ta hanya, ya kuma gargaɗi masu haɗa shayi su kiyaye. Takan ɗan motsa baki don kada ya ji kunya. Rannan manaja ya buɗe firjin ya ga kwalaben, ya ce wannan ba zai yiwu a cikin abincin baƙi ba. Kuku ya fara gardama, ita kuwa ta kwashe kayanta ta fita. Daga ranar ta koma zuwa da 'yar kula, kuku yana zuba mata ƙanƙara a ɓoye. In an tashi ta shiga motar haya da kular a cinya, ta miƙa wa nas, ta tsaya jikin gilashi gwargwadon yadda ta ga sauran iyaye suna tsayawa, ta tafi gida.

Wata rana da hantsi tana cikin sito, kwalba ta kusa rabi, wayarta ta yi ƙara. Maigidanta ne. Ya ce an kira shi daga asibiti, numfashin yarinya ya tsaya, likitoci suna kanta, ta taho yanzu. Ta ce to. Ta ajiye wayar a kan tawul. Ta duba kwalbar, ta ga ɗaya nonon ko taɓa shi ba ta yi ba, ya yi tauri kamar dutse. Sai ta ci gaba. Ta gama wannan, ta koma wancan, ta rufe kwalabe, ta ɗauraye abin tatsar a famfo, ta kashe dutsen guga, ta gaya wa Madam, sannan ta fita neman mota.

Ko da ta isa, an shawo kan abin, yarinya ta dawo. Maigidan yana tsaye a baranda da kayan aikinsa, idanunsa jajur. Ya dube ta, ya dubi kular da ke hannunta.

"Ina kika tsaya?"

"Ban gama tatsa ba."

Ya juya ya kama ƙarfen barandar da hannu biyu. Ita ta wuce ciki ta miƙa kwalaben, nas ta karɓa ta ce an gode, dama na safe ya ƙare. Da yamma wannan nonon aka ɗura wa yarinyar.

Bai sake tayar da maganar ba, amma ta ji ta a bakin ƙanwarta, wai ya ce bai taɓa ganin mace mai taurin zuciya irin Yaya ba. Ta saurara, ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da wanke kwalabe.

Akwai wata dattijuwa a sashen, mai ninke zannuwan gado, ana ce mata Goggo. Ita ke riƙe mata teburi in ta shiga sito. Wata rana suna ninke wani babban zane, kowa riƙe da gefe biyu, suka matso suka haɗa hannu, sai Antin Guga ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba:

"Goggo, ni fa ba na jin komai. Ko da maigidana ya ce yarinyar ta daina numfashi, ban ji komai ba."

Goggo ba ta yi salati ba, ba ta kuma ce ta yi istigfari ba. Ta karɓi zanen ta ƙarasa ninkewa. Ta ce ita ma bayan haihuwarta ta uku haka ta zama kamar itace, tana ba da nono tana kallon ƙofa, kuma a lokacinsu ba wanda za ka gaya wa. Ta ce yanzu an ce akwai likitan abin, ta faɗa wa nas ɗin nan tata mai baki kamar rediyo.

Ta faɗa. Nas ta rage sauri a karon farko, ta raka ta wani ɗaki a bene. Likitar ta yi mata tambayoyi, ta ce ba ita kaɗai ba ce kuma ba laifinta ba ne, ta sa mata ranar dawowa. Wani zuwan takan je, wani kuma aiki ya hana.

Da aka sallami yarinyar, gida ya cika da 'yan barka. Aka miƙa mata ita aka ce to, yau dai a sha daga tushe. Yarinya ta kawar da kai, ta tsala kuka. Ta saba da roba, ba ta san nono ba. Aka gwada da safe, aka gwada da yamma, surukarta ta gwada dabarunta duka, abu ya faskara. Haka Antin Guga ta ci gaba da tatsa, a sito da rana, a gida kuma tana zaune a bakin gado, 'yar tana kwance a gefenta, uban yana ba ta nonon a bulumboti, kwalbar nan mai kan roba. Shi ya iya sa ta dariya. Ita takan duba ko ruwan ya yi ɗumi daidai, ta ɗiga a bayan hannu, ta miƙa masa.

Yarinya ta yi ƙiba, ta zauna, ta yi rarrafe, ta fara cin abinci. Da bakinta ya buɗe, Yaya ta fara ce wa uwar, don abin da take ji kowa yana faɗa ke nan. Aka yi ta dariya, ana gyara mata. Uwar ta ce a bar ta. Wani lokaci in yarinyar ta kama gefen zanenta ta miƙe, takan ji wani abu ya ɗan motsa a ƙirjinta, kaɗan, ya lafa. Ta gaya wa likita, likita ta ce haka yake farawa.

Ruwan da kansa ya yi ta raguwa, har ranar da ta matsa ta matsa, abin da ya fito bai rufe gindin kwalba ba. Washegari da lokacin abinci ya yi, ta bi sauran ma'aikata zuwa ɗakin cin abinci. An sauya tebura, an ɗauki sababbin mutane, wata ma ta tambaye ta ko sabuwa ce. Ta tsaya da faranti a hannu ba ta san inda za ta zauna ba, sai da Goggo ta matsa mata. Ta zauna a ƙarshen benci, ta ci abincinta da zafinsa, ana hirar wani baƙo da ya manta haƙoran roba a aljihun wando. Da aka gama ta wanke hannu ta koma ƙasa, riguna sun taru.