Tayar da Ba Ta Yi Zafi Ba

Kullum da sassafe Malam Hamad yakan cusa kansa cikin ƙaramar bas daga unguwar Faisal, gwiwa na ciwo, ya nufi wani kamfanin fasa dutse a bayan Alƙahira. Bahaushen Sudan ne, kuma aikinsa zama gaban kwamfuta a wata rumfa mai zafi kamar tanda. Manyan motoci na gangarowa da lodi suna taka birki, na'urar bakin ƙofa tana auna zafin kowace taya. Wadda birkinta ke kamawa sai ta yi ja a allo. Wadda ta fito baƙa kuwa birkinta ya mutu, ko da direba zai rantse har ya gaji.

Bayan hargitsin juyin juya hali na 2011 'yan sanda sun yi ƙaranci a titi. Motar da ta wuce Hamad, ba mai sake duba ta har ta shiga cikin jama'a. Ya sha zagi ya ƙoshi, mai shayin ƙofar ma shaida ne. Shi dai ba ya ɗaga murya, ba ya kuma ɗaga sandar ƙofa ga motar da birkinta ya mutu.

Wata rana allo ya nuna baƙaƙen tayoyin baya, motar kuma ta Ya'ƙub ce, mijin ƙanwarsa Bakhita. Ya'ƙub ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Yaya, yalla, buɗe mini mana, ana jira na."

"Ma'alish, yi haƙuri Ya'ƙub. Birkin baya ba ya ci. Koma gefe."

"Ni? A gaban mutane? Don Allah bar ni in kai wannan, gobe a gyara."

"Ba za ta fita ba. Khalas, magana ta ƙare."

Makaniki ya shiga ƙarƙashi ya tarar da abin da allo ya faɗa. Sai dai gaskiyar ba ta huce zuciyar Ya'ƙub ba. Tun ranar ya ɗauke masa gaisuwa, ko da salla Bakhita ita kaɗai ke zuwa da yara. Abin yana cin ran Hamad, ba ya ɓoyewa.

Malam Hamad, kai ne ƙofar da ba ta san sanayya ba. Waɗanda ka tsare wa rai suna tsallaka titi abinsu, ba su san kana duniya ba. Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki, ido ya gaji, ba walima ba takardar yabo. To mu mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Wanda zai hau kujerarka, da duk wanda aka ba tsaron wata ƙofa, ya yi koyi da kai.

Mai shayi ya tambayi Malam Hamad kwanan nan ko yana da-na-sani a kan surukinsa. Hamad ya daɗe yana murza gwiwa kafin ya amsa.

"Duk Juma'a ina ganinsa a masallaci, ya wuce ni ya kau da kai. Da ransa, da ƙafarsa yake wucewa. Wannan ya ishe ni."