Yaya Mamman da Shingen Hanyar Damagaram

Da daminar bana Yaya Mamman ya cika shekara tara da rasuwa. Na saba in lokacin ya zagayo in kai sadaka masallacin unguwarmu, in yi shiru. Bana kam bakina ya ƙi rufuwa, don na ga abin da na so a ce da idonsa ya gani.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, direban motar haya tsakanin Matameye da Damagaram. Duk wanda ya bi hanyar a zamaninsa ya san yadda ake yi a shinge. Jandarma zai leƙo ta taga, ya bi fuskoki da kallo. Mai rawanin Buzaye, sauko. Bafillace mai sanda, sauko. Mu masu hula da Hausa a baki ko tambayarmu ba a yi. Mun saba har mun daina gani.

Shi bai taɓa sabawa ba. Wata rana ina cikin motarsa aka sauke wani makiyayi daga wajen Yauri, sunansa Buba. Matarsa na kwance a baya, naƙuda ta yi tsanani, an turo su babbar likita, wato asibitin Damagaram. Ya miƙa kartinsa na ɗan ƙasa, aka karɓe, aka ce ya zauna gindin bishiya, mota ta wuce.

Yaya ya kashe mota ya fito.

"Shef, in bincike ne, ga mu duka, a fara da ni. Amma ba ni tafiya da matar mutum in bar mijinta."

"Kai za ka koya mini aiki?"

"A'a, ranka ya daɗe. Jira kawai zan yi."

Fasinja suka yi ta gunaguni. Sai wata tsohuwar Hajiya ta sauko ta zauna kusa da Buba, sauranmu muka bi ta, motoci suka yi layi a bayanmu. Aka saki Buba. Matar ta isa likita da sauran numfashi, ta rayu ita da jaririyarta. Yaya kuwa aka riƙe masa permi, takardar izinin tuƙi, duk sanyin shekarar rake ya sayar a bakin tasha. Da ya koma tuƙi, ba a yin taron sandika, ƙungiyar direbobi, bai tashi ya ce a duba kowa ko a bar kowa ba. Wasu na ce masa mai taurin kai. Har ya koma ga Allah bai ga an canza ba.

To, makon jiya na bi hanyar. A shingen wata matashiyar jandarma ta yi mana sallama, ta ce, "Iyayena, kowa ya fito da kartinsa." Ta fara daga direba, kujera bayan kujera. Kusa da ni wani dattijon Buzu har ya ɗauki jakarsa ya yunƙura zai sauka tun ba a ce masa komai ba. Ta duba kartinsa ta miƙa masa.

"Baba, zauna abinka, naka daidai yake."

Ni aka sauke, don wa'adin nawa ya ƙare ban lura ba. Wallahi da dariya na sauka, har yarinyar ta tsaya tana kallona. Ta yi mini tambayoyi, ta ce in sabunta, ta sallame ni. Direban ya shaida mini an sha zama tsakanin direbobi da ardunan Fulani da manyan jami'an tsaro kafin a kai ga haka.

Ba na ce ko'ina ya gyaru ba. Mutanenmu masu zuwa cin rani Kano har yanzu suna dawowa da labarin yadda harshe ko tsagen fuska ke sa a ware mutum a kan iyaka. Na san Yaya: da zai yi tafi, ya sayi goro ya raba a tasha, gobe kuma ya tambaya shinge na gaba fa.

Bai bar gida na a zo a gani ba, motar ma ba tasa ba ce. Amma a tashar Matameye yau akwai samarin direbobi da ba su san ko sunansa ba, waɗanda in an sauke fasinja ba su tada mota sai ya dawo kujerarsa. Allah ya jiƙanka, Yaya.