Na Haddace Maganar Wasu, Na Rasa Tawa

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne a Haɗeja, na sauke Alƙur'ani, na gama digirin farko a fannin noma. Har yau in zan yi rubutu mai muhimmanci da ajami nake fara shi. Allah ya kawo damar neman digiri na biyu a ƙasar waje, amma da sharaɗin in ci wata jarrabawa, wadda a cikinta ake ba mutum magana a ce ya goyi bayanta ko ya soke ta da hujja, da Turanci, kafin lokaci ya cika.

Ni kuwa abin da na iya shi ne hadda. Sai na tara rubutun waɗanda suka ci a baya, na tare a bukkar gonarmu ta shinkafa a fadama, ina bitarsa kamar allo. Daga ni sai kwaɗi da tsuntsayen da ke sauka cikin ciyawar kacalla. Salla ma ni kaɗai nake yi. Baba ya sha aiko mini in fito majalisar ƙofar gidanmu bayan la'asar, inda manoma da masunta da makiyaya suke musu kan wa ya tare ruwa, wa ya toshe burtali. Ya ce in zo in ga yadda ake kare magana, ko kwaɗin ne za su yi mini gyara? Na aika masa cewa ba ni da lokacin surutu.

Ranar jarrabawa na zauna gaban kwamfuta, tambaya ta fito: idan abin rabo bai isa ba, ya dace a fifita birni kan ƙauye? Na laluba haddata kaf, babu inda ta dace. Ga shi maganar da ake yi ke nan a ƙofar gidanmu tun da ruwan kogi ya fara ja da baya, ana cewa birni aka tare wa shi, amma ban taɓa zama na saurara ba, balle in san inda na tsaya. Na jera kyawawan jimlolin mutane har lokaci ya ƙare. Makin bai kai ba, gurbin ya wuce ni.

Da na dawo Baba bai yi mini faɗa ba, matsawa kawai ya yi ya ba ni gefen tabarma a majalisar. A nan na gane hadda ta abin da ba a canzawa ce, ra'ayi kuwa sai an ja da kai yake yin ƙwari. Masu shirin irin wannan jarrabawa, don Allah kada ku ɓuya. Ku nemi wanda zai ce muku ƙarya ne, ku koyi ba shi amsa.