Haƙoran 'Yar Mai Hoto

Duk layin ba mai kiransa da sunansa na yanka. Dubo-Nan ake ce masa, don kalmar da ke bakinsa ke nan tun yana saurayi, lokacin da ya fara rataya kyamara a wuya. Shagon hotonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da tela. A ciki akwai labule mai zanen teku, da kujera mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da kwali, da fitilu biyu, sai kwamfuta a lungu. A gaban kwamfutar nan ya sha raba mutane da ƙurajensu. Tsoho ya shigo da furfura, ya fita da hoto ba ita. Kullum cewa yake, ba wanda ke zuwa sayen fuskarsa, fuskar da yake so a tuna shi da ita yake zuwa saye.

Amma inda ya yi suna, wajen yara ne. Kawo masa yaron da ya fi kowa taurin kai, wanda ya sha mur tun daga gida. Dubo-Nan zai yi kukan akuya, ya ɗora hula a kan hanci, ya yi kamar zai faɗi. In duk wannan ya ƙi ci, akwai kwalbar alawa a kan kantar shagon. Ba a taɓa yin yaron da ya gagari kwalbar nan ba.

Ya daɗe da aure kafin Allah ya ba shi haihuwa, 'ya mace guda. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Mamana yake ce mata. Matarsa malamar makaranta ce, da sassafe take fita, shi ya sa tun da aka yaye yarinyar, a shago take wuni. Kai, yarinyar akwai dariya! In ta fashe da ita har tela sai ya leƙo. To, duk yaron da aka miƙa wa alawa, ita ma sai ta miƙo hannu. Wa zai ba ɗan wani ya hana nasa? In jama'a sun yi yawa kuma, a ƙara mata ɗaya don ta zauna wuri guda. Ba ta taunawa, a kumatu take ajiyewa, har barcin rana takan yi da ita a bayan labule.

Tana cikin shekara ta uku ta fara ƙin ruwan sanyi. Ta kurɓa, ta saki kofin, ta kama baki tana ihu. Abinci ma sai da gefe ɗaya. Malama ta ɗaga mata leɓe a hasken taga, sai ga haƙoran gaba na sama sun yi ja-ja-ja a gindi, biyu har sun fara kogo.

Ta ce, "Baban Mama, alawa nawa take sha a shagon nan?"

Ya ce, "Ɗan ba yawa ne."

Ta saki leɓen yarinyar, ta juya ta ci gaba da aikinta. Da ta yi faɗa ma da ya fi masa sauƙi.

Yayarsa, wadda ba ciwon da ba ta da maganinsa, ta ce kada su kuskura su je asibiti. Ta ji a waya cewa abin da suke shafa wa yara, wai shi fulorayid, guba ne. Ta kawo man kanumfari, ta ce a haɗa da ruwan gishiri, ai haƙoran yarinta ne, gobe-gobe za ta yi famfara. Suka bi. Zafin ya ɗan lafa, sannan ya dawo da ƙarfinsa. Yarinya ta rame, dariya ta yi wuya. Ranar da ta ture hannunsa don ya taɓa mata kumatu, ya kulle shago da rana tsaka, ya biya makaranta ya ɗauki Malama, suka nufi wajen likitar haƙori.

Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta sa ya kwantar da yarinyar a cinyarsa, ta duba, ta cire safar hannu.

Ta ce, "Kanumfari yana kashe zafi, amma ba ya tsayar da ruɓa. Famfara kuma da saura, sai ta kai shida ko bakwai. In aka bari, zai kai ga jijiya."

Hanya biyu ta nuna musu. Ko a sa yarinyar barci a ɗakin tiyata, a kankare a cike, haƙora su fito fari tas. Ko a ɗiga mata wani ruwan magani mai fulorayid da azurfa, ba allura, ba inji, ya tsayar da ruɓar inda take.

Dubo-Nan ya ce, "An ce guba ne."

"Komai in ya yi yawa guba ne, har gishirin da kuka ba ta. Wannan ɗigo ne. Amma ba zan ɓoye muku ba, duk inda ya ruɓe zai koma baƙi. Baƙi ƙirin. Kuma ba ya goguwa sai haƙorin ya faɗi."

Dubo-Nan ya dubi haƙoran 'yarsa. Ya ce to a yi na barcin mana.

Malama ta juyo ta dube shi. "Da wannan ƙirjin nata? Yarinyar da mura kaɗai ke sa numfashinta yana fito?"

Likita ta ce ana yi, kuma yawanci lafiya ake tashi, amma da 'yarta ce mai irin wannan ƙirjin, da ɗigon za ta fara. Gaba kura, baya sayaki. Ya dubi ɗan bakin nan, ya dubi matarsa da ta riƙe ƙafar yarinyar gam kamar za a ƙwace mata ita. Ya ce a ɗiga.

Kafin mako ya zagayo haƙora huɗu sun yi baƙi kamar an goga musu gawayi. Zafi kuwa ya tafi. Yarinya ta koma cin abinci da baki duka, ta sha ruwan sanyi, kumatu suka dawo. Kwalbar alawa ta bar shago, safe da yamma uban da kansa yake goge mata baki da ɗan man da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Dariya ta dawo, har ta fi ta da. Ita ina ruwanta? Ta wage baki gaban kowa, baƙin ya fito fili.

Shi ne dai abin ya tsaya wa a rai. In ta yi dariya gaban baƙi, sai ya ji kamar laifinsa aka rubuta a bakinta kowa yana karantawa. Wata da ta zo ɗaukar hoton fasfo ta ce, "Ayya, ƙwari sun cinye mata haƙora." Ranar ko abincin rana bai iya ci ba.

Bai daina ɗaukarta hoto ba, ai ba zai iya ba. Sai dai kowane hoto yakan bi ta kwamfuta. Ya buɗe, ya faɗaɗa bakin har ya cika allo, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya yana mayar da su fari. Ita kuwa tana kan cinyarsa, wurin zamanta na kullum, tana kallo.

Wata rana ta ce, "Baba, me kake gogewa?"

Ya ce, "Datti ne, Mamana. Kin ga yanzu kin yi kyau."

Allah sarki, bai ma san ya faɗa ba. Maganar da yake gaya wa kowa ce.

Ranar wata Asabar Malama ta same ta tsugune gaban madubin ɗaki, ta zaro alli daga jakar makaranta tana dirzawa a haƙora. Leɓe duk fari, dasashi yana jini. Ta ce datti take gogewa, irin na Baba.

Malama ta wanke mata baki, ta goya ta, ta taka har shago. Ba ta ɗaga murya ba, don akwai mutane. Ta jira suka fita, ta ajiye guntun allin a kan kantar shagon.

Ta ce, "Likita ta raba ta da ciwo. Kai kuma ka koya mata kunya. Garin neman gira, Baban Mama."

Ya dubi guntun allin. Ya sauke yarinyar daga bayan uwar, ya zaunar da ita a kujera, ya kunna fitilu. Yau zai ɗauke ta yadda take, ya wanke babba, ya kafa a ƙofa kowa ya gani.

"Mamana, dubo nan!"

Ta dubo. Ta haɗe leɓe, ta sa tafin hannu ta rufe.

Ya yi kukan akuya. Ya ɗora hula a hanci. Ya faɗi ƙasa da gaske har gwiwarsa ta bugu. Idanunta suna dariya, kafaɗunta suna rawa, amma hannun bai sauka ba. Ta cikin yatsu ta ce, "Ka goge min tukuna."

Ya tashi da kyar ya nufi kwamfuta. Zai nuna mata kanta tana dariya da baƙin haƙoranta, ya ce mata ga wadda ta fi kowa kyau. Ya buɗe hotunan watan jiya, fari tas. Na watan da ya wuce, fari tas. Ashe duk wanda ya gyara, a kan na asalin yake ajiye shi, yadda ya saba yi wa na kowa. Ya yi ta buɗewa yana rufewa, Malama tana tsaye a bayansa.

Ta ce, "Babu?"

Ya ce, "Babu ko ɗaya."