Hannun da Ba Ya Rawa

Yana tsaye a ƙofar bariki, gaban allon da aka liƙa sunayen sababbin sojoji da rukunin da aka tura kowa. Dattijo ne siriri, ya sha wankakkiyar riga, amma baƙin mai ya ƙi barin faratansa. Bakanike ne, ba sai an faɗa ba. Yana riƙe da tsohuwar sifana naɗe a farin ƙyalle, da gani tsaraba ce ya kawo wa ɗansa.

Takardar masu gyaran motoci kaɗai yake bi da yatsa, daga sama har ƙasa, ya sake komawa. Ina jin ya riga ya lallashi uwar yaron da cewa a ƙarƙashin mota ɗansu zai yi aikin soja.

"Ɗana," ya ce mini, "duba mini lambar yaron nan nawa, idona ya yi rauni. Tun yana ɗan shekara tara yake kwance inji."

Na samo ta a takardar ƙarshe, cikin waɗanda za a kai bakin daga.

Wani kofur ya leƙo, ya ce, "Baba, ai ɗanka ne ya zo na ɗaya a gwajin harbi. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Wa zai ɓata irin wannan a gareji?"

Dattijon ya daɗe yana juya sifanar a tafinsa.

"Ni na hana hannun nan rawa," ya ce a hankali. "Har dukansa na yi a kai."