Ranar da Manhaja ta Daina Yi wa Mai Kunne Magana

Mai Kunne ake ce masa, saboda ko ɗan yaya mawaƙi ya kauce a cikin baiti, zai ɗaga yatsa ya ce, "Koma." Yana da shekara talatin da ɗaya hawan jinin ido ya tafi da ganinsa. Kafin nan piyano yake kaɗa wa wata ƙungiyar makaɗa, amma da idon ya tafi, su ma suka kama gabansu. Shekara biyu ya yi a gida yana faɗa da kowa, har da ƙofar da ta buge shi. Matarsa ce ta sayar da keken ɗinkinta ta saya masa kwamfuta, aka sa masa manhajar haɗa kiɗa, da wata murya mai karanta masa duk abin da ke kan allo.

Ya haddace maɓallai sama da ɗari. Ya kama ɗan shago a bayan wani kantin magani, bango liƙe da soso, fanka a kashe don kada makirfo ya kwashi ƙararta. Shekara goma sha biyu yana nan cikin gumi, yana yanka murya yana ɗinkewa, masu ido ma ba sa kamo saurinsa.

Wata Litinin ƙanin matarsa, wani ma'aikacin banki mai son a ce ya iya, ya leƙo gaisuwa. Mai Kunne ya zaga banɗaki. Saƙo ya fito a allo cewa a danna a sabunta manhajar, bawan Allah bai tambayi kowa ba ya danna.

"Yaya, na yi maka gyara," in ji shi, yana washe baki. "Yanzu da kanta take kaɗa ganga, ta daidaita muryar mawaƙi. Ga launuka kamar me!"

Mai Kunne ya zauna, ya taɓa maɓallin buɗe waƙa. Muryar ta ce, "Hoto." Ya taɓa na ɗauka. "Hoto." Duk rubutun da take karanta masa an mayar da shi zane, sai mai ido ya ja da maus, linzamin kwamfuta.

"Wa ya aike ka?"

"Ai taimako na..."

"Na ce wa ya aike ka! Ni ka kawo wa launi? In yi me da shi, in shafa?"

A makon nan yana ƙarasa waƙoƙi tara na wata mawaƙiya da ta daɗe tana aiki da shi. Ta jira kwana uku, a na huɗu ta zo da kanta.

"Malam, kada ka ga laifina. Ranar Asabar zan fitar da su."

Ta kwashi muryoyinta ta kai wani situdiyo. Bai ga laifinta ba, amma ranar ko abinci bai taɓa ba.

Ya buga wa kamfanin da ya yi manhajar waya. Wata mai zaƙin murya ta ce masa akwai bidiyon da ke nuna komai dalla-dalla, ya daure ya kalla.

"In kalla? Da me, da gwiwata? Kun zauna ku nawa kuka yi wannan aiki, babu ko ɗaya da ya rufe ido na minti guda ya gwada?"

Ta ce za ta isar da ƙorafinsa.

Sai da aka kwana goma sha ɗaya kafin wani mai gyaran kwamfuta na bakin titi ya samo tsohuwar manhajar ya mayar masa. Ayyuka uku da sabuwar ta riga ta juya suka ƙi buɗuwa, ya sake su daga tushe. Ya sa aka cire wayar intanet daga shagon gaba ɗaya. Sannan ya zaunar da babbar 'yarsa ya yi mata shiftar wasiƙa shafi huɗu zuwa ga kamfanin. Ta tsame zage-zagen a ɓoye, ya sa ta karanta masa, ya ce ta mayar da guda biyu.

Bayan wata uku amsa ta zo: sun gode, suna nazari.

Yana nan yana aiki, mawaƙa kuma sun dawo. Sai dai kwamfutar ta tsufa, tana zafi ta kashe kanta tsakiyar ɗauka, mai gyara kuma ya faɗa masa gaskiya cewa sabuwa ba za ta karɓi tsohuwar manhaja ba. Duk sanda ta mutu sai ya ɗora tafin hannu a kanta yana jiran ta huce, yana tsaki.