A Ba Shi, In Ji Likita

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare aka haifi autarmu, a gidanmu na Tudun Fulani. Da ɗan jan tabo ta zo a fatar ido, kamar ƙwayar gero. Kafin wata uku ya kai girman ɗinya, yana neman rufe idon.

Likitar da muka gani 'yar kudancin Kaduna ce, mai fara'a. Ta ce idan idon ya daɗe a rufe, zai daina gani. Ta tambayi cututtukan gidanmu, Mama ta ambaci hawan jinin Baba. Sai ta rubuta magani.

"Ka ba shi kullum, safe da yamma."

A gida Mama ta sa na karanta takardar cikin kwalin. Hawan jini, ciwon zuciya. Ba maganar jariri, ba maganar tabo.

"Ashe na Babanku ne," in ji Mama. "Ai cewa ta yi a ba shi."

Ta ɗora shi kan firji, tana jiran Baba ya dawo daga tafiya.

Ni kuwa, da nake mace, na ji likitar ta tambaye ni "yaya sunanka", Mama ma "ka" ta ce mata. Kunya ta hana ni magana, idon yana ta ƙara runtsewa. A rana ta uku, ina tsince shinkafa, na faɗa wa Mama, kaina a sunkuye.

Da muka koma, likitar ta dafe kai tana dariya.

"Mama, Hausa na ya yi laifi! Mace da namiji duka shi ne a baki na."

Ta ce wasu likitoci ne suka lura maganin yana sa irin wannan tabo ya motse. Ba a gama bincike a kan jarirai ba, shi ya sa takardar ta yi shiru. A gabanta aka fara ba autar maganin, tana sauraron zuciyarta.

Ni ta ba aikin awo. Duk Asabar nakan gwada tabon da zare, in yanke, in manna a bayan littafin lissafina. Duk zuwanmu takan kwafe a fayil, ta ce da irin wannan ake gyara takarda.

Littafin yana nan. Zare goma sha ɗaya, na ƙarshen bai kai farce ba. Ranar da na yanke shi, auta ta kalle ni da ido biyu, ta miƙo hannu za ta ƙwace almakashin.